Yadda Ake Amfani da "The" a Turanci: Fara da Tambayar "Wanne?"

Duk malamin da ya taɓa zama da tulin littattafan ɗalibai yana duba insha'in Turanci ya san inda jan bironsa ya fi ƙarewa. Ba a kan dogayen kalmomi ba ne. Yaro zai rubuta *responsibility* babu kuskure ko ɗaya, ya zo kan *the*, mai harafi uku kacal, ya yi tuntuɓe: ya cusa ta inda ba a nemanta, ya bar ta inda jimla ba ta tsayuwa sai da ita. Kuma ba kalma ba ce da za a kewaye ta a wuce. Da masana a Jami'ar Brown ta Amurka suka tara rubuce-rubucen da aka buga a 1961, kalmomi wajen miliyan ɗaya, suka ƙirga, *the* ce ta zo ta farko, da kusan kashi 7 cikin 100. Wato a duk kalma 14 da ka karanta, ɗaya ita ce.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake koyar da ita. A jero wa yaro dokoki ashirin a kan allo ya haddace, ya shiga jarrabawar WAEC ko NECO su rikice masa. Alhali Bahaushe yana da rabin wannan darasi a bakinsa tun yana goye. Daga nan za mu fara.

Mataki na farko: koma wa Hausarka

Saurari wannan: "Na sayi mota. Motar ja ce." Me ya sa a karo na biyu ka ce motar, ba mota ba? Saboda an riga an ambace ta, wanda kake yi wa magana ya san wacce kake nufi. Wannan 'yar -r da ke manne wa sunan mace, da -n da ke manne wa sunan namiji da jam'i, da "ɗin" da muke sa wa kalmomi irin su bas da fensir, ita ce malaman nahawun Hausa suke kira madanganci. Aikinta shi ne aikin *the* na farko.

"Wani yaro ya zo nemanka. Yaron ya ce zai dawo." A Turance: *A boy came looking for you. The boy said he would come back.* Inda ka ji bakinka yana son cewa wani ko wata, Turanci na son *a* ko *an*. Inda ka ji yaron, matar, kuɗin, bas ɗin, Turanci na son *the*. Bambancin wuri ne kawai: tamu a bayan suna take, tasu a gaba.

Sai dai a kula, -n ɗin da ke cikin "gidan Musa" wata aba ce daban, haɗa gida da mai shi take yi. Shi ya sa ake cewa *Musa's house*, ba a cewa *the Musa's house*. Haka kuma Hausa tana barin ka ce "motar nan tawa", ka jera nuni da mallaka a wuri guda, amma Turanci kujera ɗaya ya ajiye a gaban suna. In *my* ko *this* ko *that* ta zauna, *the* ba ta da wurin zama. *The my car* kuskure ne a ko'ina.

Mataki na biyu: gane inda Hausa ta tsaya Turanci ya wuce

A nan ake yin ta, don haka zan ɗan daɗe a kai. Mu mun fi sa madanganci ga abin da aka riga aka ambata. Turanci kuwa yana sa *the* ga duk abin da mai sauraro zai iya gane wanne ake nufi, ko an ambace shi ko ba a ambata ba. Kafin ka rubuta kowane suna, yi wa kanka tambaya ɗaya: in na faɗi wannan, mai karatu zai ce "wanne?", ko kuwa ya riga ya sani? In ya sani, sa *the*.

Kana zaune a ɗaki ka ce wa ƙanenka, "Rufe ƙofa, kashe fanka." Ba ka ce ƙofar ba, ba ka ce fankar ba, kuma Hausarka ba ta da aibi. Ƙanen naka ma ba zai tambaye ka wace ƙofa ba, tunda ga ta nan a gabansa. To wannan sanin da ya yi shi ne ke tilasta *the* a Turanci: *Close the door, switch off the fan.* Wanda ya ce *Close door* ya ɗauko ginin Hausa ne ya sa masa tufafin Turanci. A ganina wannan ne tushen mafi yawan kurakuranmu, kuma wanda ya kama shi ya yi rabin tafiya.

Haka abin yake ga abin da babu na biyunsa. Muna cewa rana ta fito, wata ya tsaya, sama ta yi baƙi. Turanci sai ya ce *the sun, the moon, the sky, the world, the internet, the Qur'an, the Bible*. Ba wanda zai tambaye ka wace rana, guda ɗaya ce. In a cikin Najeriya ka ce *the President* ko *the Senate*, kowa ya san na ƙasar nan kake nufi. In a makaranta ka ce *the principal*, an san na makarantar ne.

Wani lokaci kuma kalmomin da suka biyo bayan sunan ne suke amsa tambayar. *I saw a man* bai gaya mana ko wane ne ba. Amma *the man who sells suya at our junction* ya ware mutum ɗaya daga cikin jama'a. Haka *the capital of Ghana*, *the price of maize*, *the book you lent me*. Yawancin lokaci in ka ga *of* na biye da suna yana fayyace shi, to *the* na gabansa.

Akwai kuma abin da ake ganewa ta hanyar abokin tafiyarsa. *I bought a car, but the engine is bad.* Ba a ambaci inji a baya ba, amma wa ya taɓa ganin mota ba inji? *We attended a wedding. The bride was late.* Da an ce biki an san akwai amarya. Hausa ma a nan takan ce "injin" ko "amaryar", don haka kunnenka zai taimake ka.

Daga wannan tunani ne wasu dokoki da ake haddacewa suka fito, ba daga sama suka faɗo ba. Wanda ya fi kowa tsawo a aji mutum ɗaya ne, shi ya sa *the tallest boy*, *the best student*, *the most expensive phone*. Na farko ɗaya ne, na ƙarshe ɗaya ne: *the first day, the second wife, the last bus*. Haka *the same* da *the only*. Kada ka rubuta *We are in same class*, ko da ka sha ganinsa a takardun ofis. *The same class* ne daidai.

Mataki na uku: in magana ta kowa da kowa ce, janye hannunka

Wanda ya fara gane daɗin *the* yakan zarce, ya riƙa yayyafa ta a ko'ina yana ganin ita ce adon Turanci. A nan sai a ja birki. In kana magana a kan abu gaba ɗayansa, ba wani yanki da aka sani ba, kuma sunan jam'i ne ko abin da ba a ƙirgawa, ba a sa komai a gabansa. *Goats eat anything. Rice is expensive. Education is important. Life is short.* Awaki duka, shinkafa duka, ilimi duka.

Gwada waɗannan biyun ka ji bambanci. *Children like sweets*: yara, ko na ina ne, suna son alewa. *The children like the sweets*: yaran nan da muka sani suna son alewar nan da aka kawo. *Water is life*, amma *The water in this well is salty*. Kalma ɗaya ce ta sauya, maganar ta koma wata.

'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da Yamai da suka yi boko da Faransanci su ne suka fi shan wuya a nan, domin Faransanci yana sa *le* da *la* daidai inda Turanci ke cirewa. Mai cewa *la vie est difficile* hannunsa zai kai ga *the life is difficult*, kuma ba daidai ba ne. Wanda ya yi zurfi a Larabci ma haka, tunda "al" tana zuwa a gaban ilimi da haƙuri da gaskiya in ana maganarsu a dunƙule. A Turanci *knowledge*, *patience* da *truth* a irin wannan wuri su kaɗai suke tsayawa, sai fa in gaskiyar wani lamari takamaimai ake nufi, kamar *Tell me the truth*. (Ita wannan "al" ɗin mun daɗe da haɗiye ta a Hausa ba tare da mun lura ba. Tana nan a farkon alƙalami da alƙali da aljihu da almakashi.)

Sunayen harsuna, darussa, wasanni, abincin lokaci da yawancin cututtuka duk a wannan rukuni suke: *She speaks Hausa, he teaches physics, they play football, we had lunch, he has malaria.* Amma da ka ƙara kalmar *language* sai a ce *the Hausa language*, kuma *the Hausa* ko *the Fulani* na nufin mutanen ne.

Akwai 'yan wuraren da *the* ke nufin jinsi duka, sai a riƙe su. Gaban sifa ba suna: *the poor, the rich, the sick, the elderly*, wato talakawa, masu kuɗi, marasa lafiya, tsofaffi. Ma'anarsu jam'i ce, don haka *the poor are suffering*, kuma ba a ƙara musu *s*. Sai kayan kiɗa, *play the guitar*, da salon littattafan kimiyya, *The camel can go for days without water*, inda raƙumi ɗaya ya tsaya a madadin dukan raƙuma.

Biyu daga cikin tarkunan masu tsara jarrabawa suna nan kusa. *Most people* daidai ne, *most of the people* daidai ne, amma *most of people* ba Turanci ba ne. Sannan *a number of students are absent* na nufin ɗalibai da dama ba su zo ba, shi kuwa *the number of students is small* maganar adadin ce kanta, shi ya sa aikatau ɗin ya zama na tilo.

Doka ɗaya da za ka riƙe, in ban da 'yan wuraren da za mu gani a mataki na gaba: sunan abin da ake ƙirgawa, in tilo ne, ba ya tsayawa shi kaɗai. Ko *a*, ko *the*, ko *my*, ko *this*, dole wani ya raka shi. *I am teacher* da *Give me pen* duk guragu ne.

Mataki na huɗu: makaranta, asibiti, kurkuku, gado

Waɗannan wurare suna da fuska biyu. In an je domin abin da aka gina su dominsa, ba a sa *the*. Ɗalibi *goes to school*. Uban da ya je biyan kuɗin makaranta *goes to the school*, domin shi ginin ya je, ba karatu ba. Wanda aka ɗaure yana *in prison*, wanda ya kai masa abinci ya je *to the prison*. *Go to bed* kwanciyar barci ce, *sit on the bed* zama ne a kan gadon. Haka *at home, at work, in class, in court*, da *by bus, by air, on foot*.

Asibiti ne Ingila da Amurka suka rabu a kai. Baturen Ingila zai ce wanda aka kwantar yana *in hospital*, Ba'amurke ya ce *in the hospital*. Makarantunmu tsarin Ingila suke bi, don haka a jarrabawa riƙe na farko. Kasuwa, banki da masallaci kuwa, ka fi samun kwanciyar hankali da *the market, the bank, the mosque*.

Mataki na biyar: sunayen wurare, mutane da hukumomi

A nan tambayar "wanne?" ba ta isa ba, sai an haɗa da hadda. Asalin dokar shi ne sunan yanka ba ya ɗaukar *the*: *Amina, Kano, Nigeria, Africa, Zoo Road, Katsina State*.

Ƙasashe suna ɗauka in sunansu jam'i ne ko yana ɗauke da kalma irin ta tarayya, masarauta ko jamhuriya: *the United States, the United Kingdom, the United Arab Emirates, the Netherlands, the Philippines, the Central African Republic*. Gambiya ta sa ta a cikin sunanta na hukuma, *The Gambia*. Yukiren kuwa, da can ana cewa *the Ukraine*, amma bayan ta sami 'yanci a 1991 aka bar hakan, yanzu *Ukraine* kawai ake rubutawa. A birane, wanda za ka fi cin karo da shi a labarai shi ne *The Hague*, mazaunin kotun duniya mai hukunta manyan laifuka.

Koguna, tekuna, hamada da jerin duwatsu suna ɗauka. Tafki da dutse guda ba sa ɗauka. Misalin da na fi so a gidanmu yake: *Niger* ƙasa ce, ko jihar da Minna ke hedikwatarta, amma *the Niger* kogin Kwara ne. *Benue* jiha, *the Benue* kogi. Ka ce *the Sahara, the Sahel, the Atlantic, the Red Sea, the Gulf of Guinea, the Mandara Mountains, the Jos Plateau*, amma *Lake Chad, Mount Kilimanjaro, Dala Hill*.

Jami'o'i sun bi wannan *of* da muka yi magana a kai: *the University of Maiduguri, the University of Ibadan*, amma *Bayero University, Ahmadu Bello University*. Sarauta da muƙami ma haka: *the Sultan of Sokoto, the Emir of Zazzau, the Governor*. Da zarar muƙamin ya manne da sunan mutum sai *the* ta janye: *President Shehu Shagari, Queen Amina, Doctor Bello*.

Ga wata dabara mai sauƙi game da gajerun sunayen hukumomi. In ana kiran haruffan ɗaya bayan ɗaya, yawanci ana sa *the*: *the UN, the AU, the BBC, the EFCC*. In ana furta su kamar kalma guda, ba a sawa: *ECOWAS, UNICEF, OPEC, INEC, JAMB*. Faɗi sunan da baki, kunnenka zai raba maka gardama.

Mataki na shida: lokaci

Wannan gajere ne. *In the morning, in the afternoon, in the evening*, amma *at night, at noon*. Ranaku, watanni da shekaru ba sa ɗauka: *on Friday, in March, in 1960*. Shekaru goma a dunƙule suna ɗauka, *in the 1970s*, haka kwanan wata in an faɗe shi cikakke, *the first of October*. *Last week* makon jiya ne, *next year* baɗi ce, babu *the*. In ka ce *the last week of Ramadan* ka koma maganar makon ƙarshe na wani abu, sai ta dawo.

Mataki na bakwai: furuci

Da yawanmu muna furta *the* kamar "za" ko "da". Duk wanda ya yi tajwidi yana da sautin a bakinsa: harafin ذ ne na cikin "zalika" da "allazi", wanda malam yake sa ka ɗora kan harshe a gefen haƙoran gaba na sama. Shi ne sautin farkon *the, this, that*.

Wasalin kuma iri biyu ne. Gaban sautin baƙi gajere ne mara nauyi, gaban sautin wasali ya koma "i": *the egg, the orange*. Sauti ake bi, ba harafi ba. *The hour* da *the MP* da wasali suke farawa a baki, don haka suna ɗaukar "i". *The university* da *the European Union* da "y" suke farawa, ba sa ɗauka.

Mataki na takwas: bi rubutunka da biro

Kada ka koyi wannan darasi daga kanun jaridu. Masu rubuta kanu da gangan suke zubar da *the* da *a* don wuri ya ishe su, shi ya sa za ka ga *Governor visits market*. Karanta cikin labarin, a can jimlolin suke cike. Saƙonnin waya ma haka suke, ba abin koyi ba ne.

In ka gama rubutu, koma ka ja layi a ƙarƙashin kowane suna, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sunan yanka ne? Duba rukuninsa. In ba shi ba ne, mai karatu ya san wanne? In ya sani, *the*. In bai sani ba kuma tilo ne da ake ƙirgawa, *a* ko *an*. In jam'i ne ko abin da ba a ƙirgawa, bar shi haka. Da farko za ka ga abin na cin lokaci, amma bayan 'yan makonni hannunka zai riƙa yi kafin ka yi tunani.

Gwada da wannan, akwai kurakurai takwas a ciki. Nemo su kafin ka duba gyaran:

*The last week I went to the Kano to see doctor. Doctor told me that the malaria is common during rainy season. He said I should stay in the bed and drink the water.*

Ga yadda ya kamata ya kasance:

*Last week I went to Kano to see a doctor. The doctor told me that malaria is common during the rainy season. He said I should stay in bed and drink water.*

Dubi likitan: da aka fara ambatonsa wani likita ne, *a doctor*, a jimla ta biyu ya zama likitan, *the doctor*. Damina ɗaya ce a shekara, kowa ya san ta, sai ta ɗauki *the*. Kano sunan gari ne, zazzaɓin cizon sauro cuta ce a dunƙule, kwanciya ake nufi ba gadon kansa ba. Na ƙarshen ne ya fi kama mutane: *drink the water* zai zama daidai ne kawai da a ce likitan ya ajiye maka kofi a kan tebur yana nuna shi da yatsa.